Jarrabawar Da Muka Yi Alkawarin Faɗuwa

Lokacin da abin nan ya faru ni yaro ne, shekaruna ba za su wuce goma sha huɗu ba. Mahaifina maɗinki ne a kasuwar Jalingo, kakanninmu fatauci ya kawo su daga Kano suka zauna. Ni ne auta a ɗakinmu, shagwaɓaɓɓe, ga baki kamar reza, ga tsoro kamar farar kura. Zamanin Turawa ne, kuma a shekarar da na gama elementare mu biyu aka ɗauka daga ajinmu zuwa makarantar midil ta lardi. Yanzu gemuna ya yi fari, abin da na daɗe ina ɓoyewa ya ishe ni, shi ya sa na rubuto muku. Ba zan kama sunan kowa ba.

Wanda aka ɗauka tare da ni ɗan manoman Mumuye ne daga ƙauyukan gindin dutse. Dagacinsu ne ya kawo shi makaranta don a cike yawan yaran da aka nema. Hausarsa a karye take, namiji ya koma mace a bakinsa, muna ta yi masa dariya, ni ne ma kan gaba. A ƙasa muka taka har Lau, daga nan aka sa mu a jirgin ruwa. Da na ga gaɓa tana nisa sai na fashe da kuka har da majina. Sai ya kwance ƙullinsa ya raba gasasshiyar doya biyu ya miƙo mini babban ɓarin. Tun daga ranar ban sake yi masa dariya ba.

A gida mutane sun ɗauka an kai mu aljannar duniya. Gini kam akwai, ga fararen tufafi, ga tuwo a kan lokaci. Amma karatun hadda ce zalla, ba mai tambayarka ko ka gane. Komai na makarantar ya rataya ne a kan jarrabawar ƙarshen aji biyu, wanda ya ci ya wuce, wanda ya faɗi a sallame shi. Baturen makaranta yawan waɗanda suka ci yake dubawa, sai ya matsa wa hedimasta, hedimasta ya matsa wa malamai, su kuma su huce a kanmu. Duk mako a yi gwaji, a tara mu a fili a kira sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, na ƙarshen su sha bulala. Yara suka zama abokan gaba, kowa yana ɓoye littafinsa. Ina cikin taro amma kewa tana cina, ina tuna muryar mahaifiyata sai abinci ya fita raina. Mutum ɗaya nake da shi a duk makarantar, shi ne abokin nan nawa. Shi kuwa lissafi a jininsa yake. Da tsakuwa da kara ya koya mini abin da bulalar malam ta kasa, kuma kullum zancensa shi ne zai zama safiyo, ya auna hanyar mota har ƙauyensu.

Wata rana muna wanki a bakin kogi na faɗa masa dabarar da na ji daga manyan ɗalibai, wai in mutum ya gaji sai ya faɗi jarrabawar da gangan a mayar da shi gida. Na ce mu yi haka mu biyu, domin ina jin tsoron komawa ni kaɗai a ce ɗan maɗinki ya kasa. Ya ce shi dai yana son karatunsa. Sai na ɗauke masa wuta, mako guda ko gaisuwarsa ba na amsawa, alhali na san ba shi da kowa sai ni. Na ce masa ashe abotar tamu ta baka ce. A rana ta takwas ya same ni a inda muke shanya, idonsa ja, ya ce ya yarda, tare muka zo tare za mu koma. Muka tafa, ni ne ma na sa shi ya rantse.

Ranar jarrabawa aka jera mu nesa da juna, Bature yana zagayawa da hannu a baya. Da na buɗe takardar lissafi sai na ga tambaya ta farko irin wadda abokina ya koya mini ce sak. Na ce bari in amsa wannan kaɗai, kada sunana ya zo na ƙarshe ƙurmus. Daga ita na shiga ta biyu. Na tuna mahaifina a rumfarsa yana gaya wa masu kawo ɗinki cewa ɗansa zai zama akawu, na tuna bulalar fili, hannuna ya ƙi tsayawa. Da na ɗaga kai na hango abokina ya ajiye alƙalami ya harɗe hannuwa. Muka haɗa ido ya yi mini murmushi, ni ma na mayar masa, sannan na sunkuya na ci gaba da rubutu. Haka na yi a sauran takardun duka. Ba kuskure ba ne, ina sane.

Da aka kira sakamako ni ne na shida, shi kuwa yana cikin waɗanda aka sallama. Malamin lissafi ya kira shi jaki a gaban kowa, ya ce ya ɓata wa makaranta suna. Na shirya wa zagi daga abokina, har duka ma na shirya masa. Amma da ya ɗaure ƙullinsa sai ya zo ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri. Ya ce, "Kai kanka ta yi ƙarfi da yawa, ko ka so faɗuwa ba ta yarda ba." Abin da ya dame shi kawai shi ne zai bar ni ni kaɗai. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa haka Allah ya so.

Shekara biyun da na ƙara a makarantar ban yi aboki ba, ban ma nema ba. Na gama, na dawo Jalingo na zama akawun En'e, wato hukumar gargajiya, ina hawa keke ana ce mini malam. Shi kuwa ya koma gona, yana kawo doya kasuwa. Nakan zagaye layin masu doya don kada mu haɗu, amma in ya hango ni sai ya taso da murna, ya riƙe mini keke, ya tara maƙwabtansa ya ba su labarin abokinsa da ya yi niyyar faɗuwa ƙwaƙwalwa ta hana shi. Su yi dariya, ni ma in yi. Sau nawa na ɗaura niyyar zuwa ƙauyensu in roƙi gafara, kullum sai in ce sai bayan girbi. A wata damina ɗansa ya zo ofis ya gaya mini abokina ya rasu, kuma har ya bar duniya yana yabona.

Abin da na koya shi ne makarantar da ba ta ganin komai a jikin yaro sai sakamako, matsorata take rainowa, kuma ni shaida ne. Amma ba zan ɗora mata laifina ba, ni na sa shi rantsuwa, ni na karya. Iyaye da malamai, ku riƙa tambayar yaro abin da ke ransa kafin ku tambaye shi na nawa ya zo. Ku kuma yara, kada kewa ko tsoro su sa ku ja wani cikin ramin da ba za ku shiga ba. Wanda kuma ya san ya ci amanar wani, ya je ya faɗa masa tun yana da kunnen ji. Ni na yi jinkiri, yanzu ga shi ina gaya wa duniya duka, ban da mutum ɗayan da ya kamata ya ji.