Ranar da Sifirin ɗin Ƙofar Baba Ya Tsinke

Wata safiyar Asabar ce cikin zafin bazara, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ni da ƙanwata Rabi muna rataye a jikin ƙofar garejin Babanmu a Unguwar Tudu, ƙafafunmu na reto a iska. Ƙofar ta fara saukowa da mu a hankali kamar yadda ta saba, muna ta ƙyalƙyala dariya, sai muka ji wata ƙara kamar an harba bindigar farauta. Kafin in ƙifta ido ƙofar ta fyaɗo ƙasa da dukkan nauyinta, ta watsar da mu waje. Kajin Inna suka tarwatse, akuya ta tsinke igiya. Da na ɗago kai sai na ga silifas ɗin Rabi ɗaya a ƙarƙashin bakin ƙofar, ya rabe biyu, ita kuma tana zaune tana kallon ƙafarta, ta kasa ko kuka.

Baba direba ne. Yana da wata farar akori-kura da yake ɗaukar kayan gona daga Gude da Madadi zuwa kasuwannin Kano, kuma da ita gidanmu ke ci. Ƙofar garejin kuwa a wurin 'yan gwangwan ya sayo ta, an ciro ta daga wani tsohon sito. Ba ta buɗewa gefe kamar ƙyaure, sama take yi ta kwanta ƙarƙashin rufi. Ƙarti biyu ba sa iya ɗaga ta, amma akwai sifirin biyu, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma, ɗaya a kowane gefe, masu kaurin taɓarya, su ke ɗauke nauyin, har ya zama yarinya kamata tana tura ta da hannu ɗaya. Mutane sukan tsaya kallo idan za su wuce gona. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba kan cire babbar riga ya duba ƙugiyoyin, ya ɗaure notin da ya saki, ni kuma in bi sifirin da baƙin mai da gashin kaza, zobe bayan zobe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kira na, kuma cikin dukkan ayyukana, da ɗebo ruwa da surfe da kai wa awaki harawa, wannan ne kaɗai ba a taɓa tuna mini ba. Yakan ce, "Ƙarfe ma yana jin ƙishirwa, Uwata." Yakan kuma ce, "Ƙofa ba lilo ba ce." Na farkon na riƙe, na biyun na bar shi a bakin zaure.

Ni na gano wasan. Idan ka tura ƙofar sama ka kama bakinta, sai ta ɗauke ka daga ƙasa, nauyinka kuma ya sa ta sauko da kai sannu-sannu. A makaranta 'yan ajinmu suna fariya da carafke da 'yar gala-gala, ni kuwa ina ba su labarin ƙofar da ke goya mutum. Ran nan ne karon farko da na ce wa Rabi mu hau tare.

Baba ya fito da gudu, ludayin koko a hannunsa. Bai ko kalli ƙofar ba. Ya durƙusa ya kama ƙafar Rabi, ya lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya juyo ya shafa kaina da kafaɗuna, sannan ya zauna a ƙasa ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Sai bayan nan aka tuna mota tana ciki, ga manoma a Gude sun tsinke tumatir tun jiya suna jira a bakin hanya. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu ma Inna yanka shi take gida uku, ba mai tumatir ɗin zubarwa. Maƙwabta suka taru. Aka cusa azara ƙarƙashin ƙofar, aka yi ta ɗagawa ana nishi, ana tura turmi a tokare, ita kuma tana karkacewa gefe guda tana cijewa. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka samu ta hau. A ciki muka tarar sifirin ɗin dama ya tsinke daga wuyan ƙugiya, guntun ya yi tsalle ya fasa fitilar motar. Wani maƙwabcinmu, Malam Audu, ya juya guntun a hannunsa ya ce, "Tsufa ne, Malam Haruna. Ƙarfe ma yana da kwanansa." Baba ya shiga mota ya tayar. Na ji sanyi a raina don an samo mai laifi ba ni ba, amma sanyin bai daɗe ba, don na san gaskiya.

Wunin nan ban ci abinci ba. Da la'asar Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Rabi ta gaya mini. Ni ba zan kai masa ba, ki je da bakinki." Baba ya dawo gab da magariba, ya gaji liƙis. Na ji yana gaya wa Inna cewa wasu kwandunan sun yi ruwa kafin a isa Kano, kuma ya ƙi karɓar kuɗin mota a hannun masu su. Na bari ya idar da salla, na durƙusa a gefen buzunsa.

"Baba, ba tsufa ba ne. Mu ne muke lilo. Ni na ce wa Rabi ta hau."

"Na sani," ya ce. "Wata nawa ina ganin sawun hannunki a bakin ƙofar, da baƙin mai. Laifina ne da na yi ta cewa gobe zan yi miki magana."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ya isa, Uwata. Tunda ke kika karya, da ke za a gyara."

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Baba ya zaga Kano sau biyu, masu shaguna suna ce masa kayan waje sun daina shigowa, wanda ya samu guda ɗaya kuma kuɗinsa ya kusa na taya. Mako uku garejin yana rufe da zana, Baba na kwana a zaure don gadin mota. Daga baya aka yi masa kwatancen wani maƙeri a Kabo, Malam Ɗanjuma. Ranar Lahadi muka tafi, ina gidan gaba, sifirin biyun a naɗe cikin buhu a kan cinyata, har da lafiyayyen. Na tambayi Baba me ya sa muka ciro wanda bai karye ba. Ya ce idan ɗaya ya fi ɗaya ja, ƙofa karkacewa za ta yi, kamar shanun huɗa da ba su daidaita ba.

Malam Ɗanjuma tsoho ne siriri mai ƙonannen gemu. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da gona da hanya, Baba ya ba shi labari, sai tsohon ya duba ƙarfen ya dube ni ya ce, "Wannan ce gwanar lilon?" Na sunkuyar da kai, su kuma suka yi ta dariya. Ya sa bakin sifirin kaɗai a wuta, ya naɗe sauran da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya kashe masa ƙarfi. Da zoben ƙarshe ya yi ja, ya kama shi da awartaki ya lanƙwaso sabuwar ƙugiya, ya rage ɗayan ma ya yi daidai da ɗan'uwansa. Sai ya miƙa wa Baba wata doguwar waya mai kauri, ya ce a zura ta cikin kowane sifirin a ɗaure bakinta biyu, ko ya sake tsinkewa ba zai tashi ya sami mutum ba.

A gida aka ɗaga ƙofar har ƙarshe aka tokare ta da azara biyu, don sai tana sama sifirin ke sakin jiki. Wayar ta yi ta maƙalewa a hannun Baba, yatsunsa sun yi kauri. Ni na zura ta, ina turawa ina lalube ta tsakanin zobban har ta ɓullo. Da aka zo maƙala ƙugiya kuwa, ya kore mu duka zuwa gindin darbejiya, har Inna. Ya gama, ya zare azarar, ya sauko da ƙofar zuwa ƙugunsa ya sake ta. Ta tsaya cak, ba ta hau ba, ba ta faɗo ba. Inna ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Aikin Malam Ɗanjuma ya riƙe ƙofar nan har shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Lokacin na yi aure ina koyarwa a Gwarzo, Baba ya samu sababbin sifirin guda biyu, amma ya ƙi sakawa sai da ya aiko aka kira ni. Na tsaya da goyo a bayana ina miƙa masa sifana, yana ta faɗa da ƙannena maza wai ba su san kan ƙofar ba.

Yanzu garejin ya zama shagon cajin waya, an sa masa ƙofar gilashi. A gidana na Kano maɓalli ake dannawa ƙofa ta naɗe kanta, idan ta lalace a kira wani yaro a waya, ya gyara ya tafi, 'ya'yana ko leƙowa ba sa yi. Ban ga laifinsu ba, babu wanda ya taɓa ce musu su zo su riƙe wani abu. Baba ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Da ma in sake jin yana kira na daga ƙofar gida, aiki na jira.