Ƙahon Tsibiri a Shagon Malam Habila

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Hayyin Ashir da ke Alƙahira ya san shagon Malam Habila. Mutumin Malumfashi ne, dogo, furfurarsa a gemu kaɗai ta tsaya, ga jinkirin aiki kamar me. Ka kai masa yadi da azumi, to ka roƙi Allah ka samu kafin babbar salla. Ɗalibai 'yan Najeriya da na Nijar kullum cikin ƙorafi suke, amma gobe su ne a bakin shagon, don babu mai fitar da wuyan kaftani irin na gida sai shi a duk Alƙahira. Kirista ne, kowa ya sani. Ranar Juma'a da safe yakan rufe shago ya tafi Ainu Shams, inda yake koya wa wasu 'yan gudun hijirar Sudan Littafi Mai Tsarki a wani ɗakin haya.

Shi fa ɗinkin nan daga baya ya koma masa. A da ɗan mishan ne. Ikilisiyarsu ce ta tura shi da matarsa Rifkatu wani tsibiri can tsakiyar Tekun Pasifik, ƙauyen masunta da bai kai gida arba'in ba, inda fasto ke zuwa a kwalekwale sau biyu a shekara. Shekara huɗu suka yi. Sai da ya sha dariyar yara kafin harshen mutanen ya zauna a bakinsa, sannan ya buɗe aji na tsofaffi, waɗanda ba su iya karatu ba, yana karanta musu aya bayan aya a rumfar ganyen kwakwa. Ba su da ƙararrawa. Da ƙaho ake kiran aji, wata ƙatuwar katantanwar teku da aka huda, malami ya busa, mutane su ajiye taru su zo.

Sai ciwon ƙoda ya kama Rifkatu, aka ce su nemi likitocin Masar. Habila ya san ba dawowa zai yi ba, tun yana ɗaure kaya ya sani. A bakin ruwa Tomasi, dattijon ajin, ya miƙo masa ƙahon da hannu biyu, ya tambaye shi ko zai dawo. To ina Bahaushe zai dubi idon dattijo a gaban jama'a ya ce masa a'a? Ya ce, “In Allah ya yarda.” Ya karɓi ƙahon kuma, don a inda ya tashi mayar da kyauta cin fuska ne.

A cikin kwalekwale mai tuƙi ya warware masa. Ashe ba tsaraba ba ce. A ƙauyen nan, malamin da zai tafi ke nan yakan miƙa ƙahon ga wani, ya ambaci sunansa a gaban mutane. Idan kuwa ya tafi da shi, wurinsa na nan, ba mai buɗe littafi a rumfar sai ƙahon ya dawo. Lokacin ana hango tudu, ana ma hango mutane suna ɗaga hannu. Kalma ɗaya ce, mai tuƙi ya juya. Habila ya rungume ƙahon ya bar kwalekwale ya ci gaba, don kunyar komawa ya ce wa tsoho ƙarya ya yi.

Rifkatu ta rasu a shekararsu ta biyu a Alƙahira, shi kuma ya kasa barin garin da aka binne ta. Ya sayi keken ɗinki, ya cusa ƙahon a aljihun teburin tare da tsofaffin zaruruwa. Shekara goma sha ɗaya. Duk sanda abin ya taso masa, sai ya ce wa kansa ai teku cike yake da katantanwa, tuni sun huda wata. Ko shi kansa bai yarda da zancen ba.

Bana aka turo masa saƙon murya daga wata lamba da bai sani ba. Salote ce, 'yar Tomasi, wadda ya bari tana 'yar makaranta, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a babban tsibiri, ta bi ta wajen mutanen coci ta samo shi. Ta ce babanta na kwance ba lafiya, yana gaishe da Malam, yana tambayar jikin mai ɗakinsa. Ya kuma ce a gaya masa aji na jira.

Habila ya wuni bai ɗinka ko aljihu ba. Da la'asar ya kasa riƙewa, ya zayyana wa maƙwabcinsa Alhaji Lawali, ɗan Maraɗi mai shagon turare.

Alhaji Lawali ya ce, “Malam Habila, addininmu daban, amma wannan a naku da namu sunanta amana. Yalla, maza kira su yau, ka faɗi gaskiya, ka aika musu kayansu.”

Ya ce, “Gobe, Alhaji.”

Goben tela kuwa ka san ta. Kwana goma sha tara yana rubuta saƙo yana gogewa. Har ya je Ainu Shams sau uku ya koyar, yana magana a kan gaskiya yana jin kansa munafuki. Sai ranar wata Litinin ya naɗe ƙahon a ragowar shadda, ya kai ofishin aika kaya da ke Wustul Balad, tsakiyar birni, ya aika. Daga ƙofar ofishin ya kira Salote, ya faɗa mata duka: ba zai dawo ba, kuma tun ranar tafiya ya sani.

Ta ce, “Malam, mun binne Baba ranar Asabar.”

Ya jingina da bango, motoci na ta oda a bayansa. Ta ce ba komai, bari ƙahon ya iso, amma sai ya ambaci wanda zai riƙe shi. Ya kira sunan wani tsoho a ajin, ta ce ya rasu. Ya kira wata tsohuwa, ita ma. Sunaye biyar ya kira, mutum ɗaya ke raye, shi ma ba ya ji.

Ya ce, “To ke fa, 'yata? Za ki karɓa?”

Ta ce za ta karɓa, za ta riƙa zuwa ƙarshen mako. Ya tambaye ta da murya ƙasa ƙasa ko wani ya tuna inda suka tsaya, don shi kam ya manta.

Ta ce, “Markus sura ta tara, Malam. Baba ya sa ganye a wurin a cikin Littafin. Na sha cewa in karanta masa gaba a gida, ya ce a'a, kai ka ce za ka ƙarasa musu.”