Maiƙon Bangon Inna

Wata Laraba ce bayan an gama yankan hatsi, tun Nasara ba su shigo ƙasarmu ba, ina ƴar yarinya haƙoran gabana ba su gama fitowa ba, na ga madugun wani ayarin gishiri ya gama cin tuwo a ɗakin innata, ya lashe yatsunsa, ya fyace majina da su, sannan ya miƙa hannu ya goge a jikin bango, daidai bakin ƙofa. Tir! Bangon nan kuwa jiya-jiya, ran Talata da yamma, Inna ta gama shafe shi da jar ƙasa.

A zamanin Dakoro ba gari ba ce, rijiya ce mai zurfin tsiya da ƴan bukkokin kara kewaye da ita. Da babanmu ya rasu, Inna ta kwaɓa laka da ƙafarta, ƙanenta ya aza mata itatuwan rufi, ta tada ɗakin ƙasa na farko a wurin, tana sayar wa fatake tuwo da miyar kuka da man shanu. Tukunyar nan ita ce cinmu, ni da ƙannena. Aikina surfe da ɗebo itace da wanke akusa da toka, in na samu sarari in ruga wajen gaɗa. Inna mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Ruwan da sai bijimin sa ya ja guga kafin a gan shi, shi take ragewa daga na shanmu ta aje cikin ƙwarya a bakin ƙofa don wankin hannu. Takan ce, "Wanda ya ci a ɗakina, ya bar mini shi yadda ya tarar."

Ranar nan haƙurinta ya ƙare. Gaban yaransa ta aje muciya ta ce, "Haba madugu! Ga ruwa nan, me bangon ya yi maka?" Ya tashi ya fice. Kashegari ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Madugu ya gaya wa madugu, ayari ya sauka ya tashi ba wanda ya tako ƙofarmu, tuwo ya kwana ya yi tsami mu ci, saura mu ba awaki. Kafin rani ya raba rumbu ya nuna gindinsa, ƙaramin ƙanena ya koma sai kai da ciki. Da ayarin mutumin ya sake sauka, Inna ta dama fura ta ɗauka har zango, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya zo da jama'arsa, ya ci ya ƙoshi, ya dubi tsabar idonta, ya goge hannunsa a bango a hankali. Yaransa suka bi ɗaya bayan ɗaya suna dariya. Da suka watse na ɗauko ruwa da tsumma, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Bar shi, ɗiyata. Ƙazantar nan ita ce tuwonku."

Tun daga nan abin ya zama al'ada. Miya kan man shanu, majina kan yawun taba, shekara kan shekara, har wurin ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli kamar bayan tsohuwar tukunya. In zafi ya taso, ƙarninsa ya riga ka zuwa rijiya, ƙudaje kuwa sun samu gida. Inna ta tsufa tana shiga ƙofar nan a karkace don kada zanenta ya taɓa, ni ma haka na tashi. Ta kuma daina aje ƙwaryar ruwa.

Yanzu Dakoro ta zama gari, ga kwamandan mai mulki, ga lakwal ta ƴan boko, ga kasuwar dabbobi, wurinmu ana ce masa tsohuwar unguwa. Ɗakin yana nan, wata mata na tuwon sayarwa a ciki. An sake rufi, an shafa farar ƙasa ko'ina sai wurin nan aka bari, wai wani waliyyi ne ya taɓa jingina, albarkarsa ce ke ƙyalli. Mai shirin tafiya ya zo ya shafa, ya shafe fuskarsa. Na faɗa musu gaskiyar har muryata ta dushe, sai su ce Kaka ta rikice. Ranar kasuwar da ta wuce na tarar da matar jikana ta dangwalo da yatsa za ta sa wa jaririyarta a baki. Na fizge yarinyar na goya, na ce a kawo ruwa a wanke wa uwar hannu.

Ba tuwon nake kewa ba, ba gaɗar ba. Yammacin Talatar nan nake kewa, Inna tsaye da laka har gwiwar hannu tana kallon aikinta tana murmushi. Duk garin nan ni kaɗai na rage da na taɓa ganin bangon nan ja.