Daminar da Aka Kife wa Ma'aunin Rana Ƙwarya a Yendi

Shekara talatin da takwas ke nan da muka kai yayana Shu'aibu makwancinsa a Bawku, cikin wata bazara mai zafin da ko kare ba ya yarda ya taka ƙasa da azahar. Ni ne Garba ƙanensa, baduku, ina zaune a Salaga inda aka haife mu, haƙora sun zube, ido ya yi rauni. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana dole ce ta sa, kuma ba yabo kaɗai na zo yi ba.

'Yan yanzu ba su san aikinsa ba, bari in faɗa. Zamanin babban yaƙin Turawa, lokacin da ake kwasar samari zuwa Bama, Yaya ne mai kula da ma'aunin rana a Yendi. Wani ƙwallo ne na gilashi, bai fi babban lemo ba, an ɗora shi a kan ginshiƙin siminti a bayan gari, an kewaye da waya. A bayansa ake zura wani siririn kati. In rana ta fito, haskenta ya ratsa gilashin ya taru wuri ɗaya, sai ya riƙa ƙona katin a hankali, yana jan baƙin layi har faɗuwarta. In girgije ya gifta, layin ya yanke. Kullum Yaya zai cire katin jiya ya zura sabo, ya goge gilashin, ya auna tsawon ƙunar, ya sa hannu. Duk bayan 'yan watanni wani Bature ya zo daga Tamale ya kwashe katunan.

Mutum ne mai taurin kai a kan gaskiya, har ya ba ka haushi. Na bi shi Yendi na buɗe rumfar dukanci, kullum ina yi masa tsiya, ina cewa duk zuriyarmu fataken goro ne, shi kaɗai ya ƙare a gadin ƙwallo. Shi dai sai ya yi murmushi.

Sai ga shekarar da ruwa ya ƙi sauka. An yi shuka sau biyu, dawa ta tsiro ta bushe. Rijiyoyi suka koma laka. An fita roƙon ruwa har sau uku, sama na nan fari fat. Daga nan raɗe-raɗi ya tashi a kasuwa, wai ƙwallon nan ne ke kiran rana, ai kowa ya ga yana ƙona takarda ba tare da wuta ba. Mata suka daina gaisawa da matar Yaya. Wata safiya muka tarar an yanka baƙar kaza an jefa cikin wayar.

Wata Juma'a bayan an sauko, dattawan zango, unguwarmu ta Hausawa, suka tare shi a ƙofar masallaci, har da kawunmu.

"Shu'aibu, ka rufe abin nan," in ji Kawu. "Kwana bakwai kawai."

"Kawu, gilashi ne fa. Ko ɗigon ruwa ba ya riƙewa."

"Mun ji. Amma samari sun ce in ba ka rufe ba za su zo da kansu, kuma ba ƙwallon kaɗai za su fasa ba. Kana da iyali."

Ya je ya kife masa ƙwarya. Ina tsaye a wurin.

Kwana uku tsakani hadari ya haɗu daga gabas, baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa har katangu suka faɗi. Gari ya ɗauki guɗa. Yaya kuwa ya dube ni ya ce, "Garba, mun shiga uku. Yanzu ba wanda zai yarda in buɗe." Haka kuwa aka yi. Kwana bakwai suka zama damina guda, har masu gadin ƙwaryar aka sa.

Katuna na ta taruwa farare tas, ga Bature na tafe. Farin kati kora ce, wataƙila ma ɗauri, don zamanin yaƙi ba a wasa da kayan gwamnati. A nan ne ni, mai wayon banza, na shigo. Na kwashi katunan na kai rumfata, na sa basilla a garwashi ta yi ja, na riƙa jan layin da hannuna, ina kwaikwayon tsofaffin katuna. Hannun baduku ne, ba ya karkacewa. Sai dai ina tsoron gajeren layi zai jawo tambaya, don haka na cika su da rana. Ranakun da aka wuni ana yayyafi, ni na ba su rana tun hantsi har la'asar. Yaya ya yi kwana biyu ya ƙi taɓa su. A na uku ya sa hannu.

Ranar da Baturen ya zo aka ɗage ƙwaryar da safe. Ya duba katunan ya yaba, ya ce bai ga masu tsabta irinsu ba. Aka ƙara wa Yaya girma, aka mai da shi kan ma'aunin Bawku. Labarinsa ya riga shi isa, wai ga mai rufe rana ya zo. Da bazara ta yi tsawo a can, su ma suka zo masa da ƙwaryarsu. Wannan karon ya ƙi. Ya riƙa wuni a gindin ginshiƙin, cikin rana, yana gadi da kansa. Sanƙarau na yawo a gari, ya kama shi, kwana huɗu kacal ya yi. Mutane suka ce rana ce ta rama. Kafin bakinsa ya rufe ya riƙe rigata ya ce, "Ka gaya musu na Yendi." Na ce to. Na dawo Salaga na ja bakina na yi shiru.

Yau ga shi ruwan tafki ya janye a Makango, nan kusa da mu, jirgin fito ba ya kaiwa gaɓa, mutane na taka laka da kaya a ka. Daga kudu muna jin ana ɗauke wuta saboda ruwan madatsa ya yi ƙasa. Daji na ci da wuta ta ko'ina. A kasuwa na soma jin irin muryoyin nan na da, ƙasa-ƙasa, ana neman wanda za a ɗora wa laifi.

Watan jiya wasu matasa suka zo da mota da na'urori suna auna ƙarfin rana, wai za a kafa injin da zai ja ruwan rijiya da haskenta. Shugabarsu, wata injiniya mai ladabi, ta nemo ni har rumfa.

"Baba, ku ne ƙanen Malam Shu'aibu? Mun samo katunansa a ma'ajiya. Damina ce ke ba mu wahala, kuma ba mu ga cikakku irin nasa na Yendi ba. Da su za mu yanke girman injin."

Na ce Allah ya yi albarka. Ta tafi. Tun ranar abinci bai wuce mini da daɗi ba.

Da Yaya na raye, na san zai yi murna, aikin da nake yi wa dariya ga shi zai shayar da gari. Na kuma san kallon da zai yi mini. In aka gina a kan ranar da ni na ƙirƙiro, injin zai tsaya a tsakiyar damina, mata su koma ɗiban ruwan kududdufi, kurkunu ya dawo ƙafafun yara. Daga nan gari zai nemi mai laifi, kuma yarinyar nan za a nuna. Na ga yadda ake yin wannan, sau biyu. Tsoron ɓata sunan Yaya ne ya rufe mini baki, ko kuwa tsoron ɓata nawa, Allah ya sani.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Katunan nan ne abin da ya bari, na shekaru masu yawa, kowanne rana ce ta ƙona shi da kanta, ban da na damina guda. 'Yata injiniya, in jaridar nan ta iso hannunki, ki ware na Yendi na daminarsa ta ƙarshe a can, ki juya bayansu ki shafa. Basilla tana barin kwarmi a takarda, za ki ji shi a yatsa. Waɗannan ki cire su. Sauran duka ki gina a kansu ba fargaba. Sa hannun nasa ne, amma ƙaryar tawa ce, kuma tun yana da sauran numfashi ya aiko ni in faɗa.