Ajin da Aka Kulle Mana

Ni ce ta farko a gidanmu da ta kai ajin ƙarshe na sakandare. Kakana tsintar auduga ya yi a Jazira har ƙarfinsa ya ƙare. A can aka haifi babana, shi ma ya tsinci tasa audugar kafin ya taho Umdurman ya koyi ɗinki. Yana da ɗan shago a layin teloli cikin babbar kasuwa, keke biyu da benci ɗaya. Innata kuwa kisra, wato siririyar wainar dawa, take yi ta sayarwa. Dukansu sun sauke Alƙur'ani, amma ba wanda ya taɓa zama a ajin makarantar gwamnati. In na ce musu jami'a, abin da suke gani shi ne wani dogon gini da ake wucewa a mota a Khartum.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasar, har kayan makarantarmu irin nasu ne, masu dabbare-dabbare. A makarantar ba ma yin Hausa. Ba wanda ya kafa mana doka, mu muka hana kanmu. Fallata ake ce mana, kuma yadda ake furta kalmar ya isa ya sa yarinya ta ajiye harshenta tun a bakin ƙofa, sai an tashi ta ɗauka.

Malamar lissafinmu, wadda muke kira Ustaza kawai, gajeriya ce mai farin lulluɓi, ba ta cika dariya ba. A makon farko na shekarar ta tsaya bayan an kaɗa ƙararrawa, ta ce da Larabci, "Duk wadda ba ta da kowa a gida da ya shiga jami'a, ta zauna. Sauran ku tafi."

Mu goma sha ɗaya muka zauna, kowa na kallon tebur. Hausawa huɗu, sauran daga duwatsun Nuba da Darfur, da wasu biyu da yaƙi ya koro daga kudu. Na ɗauka faɗa za ta yi mana. Sai ta rufe ƙofa ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya abin da muke so mu karanta. Yawancinmu muka ce ba mu sani ba. Ta ce to daga yau za mu sani, kullum bayan la'asar, a ajin nan.

Ba lissafi kaɗai ta koya mana ba. Ta kawo tsofaffin takardun jarrabawar shahada, wadda da ita ake shiga jami'a, ta nuna mana tambayoyin da ke dawowa da sabuwar riga kowace shekara. Ta koya mana bambancin sashen likitanci da na haɗa magunguna da na gwaje-gwaje, abin da 'ya'yan ma'aikata ke ji a gida wajen shan shayi. Ta kawo takardar neman gurbi ta sa muka cike ta da fensir sau biyar, domin mutum na iya cin jarrabawa ya rasa gurbi saboda bai san yadda ake jera zaɓi ba. Wata Alhamis ta kwashe mu a bas muka haye gada zuwa Khartum. A ƙofar jami'a mai gadi ya tare mu ya ce ina zuwa. Ta ce, "Ɗalibanku ne na baɗi, sun zo ganin wurinsu." Ya yi dariya, amma ya matsa. Muka zaga, muka leƙa ɗakin karatu, muka sha ruwa a randar ɗalibai. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne ba wanda ya waiwayo ya kalle mu.

Wata uku muka yi a haka. Rannan muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofar ajin. Shugabar makarantar ta kira Ustaza, mu kuma muna tsaye a baranda muna jin komai. Ta ce an kawo mata magana cewa ana tara 'yan yamma da 'yan kudu bayan an tashi, ana rufe ƙofa, kuma a wannan zamani taro ba izini ba abin wasa ba ne. Ta ƙara da cewa ba ta ga amfanin cika wa yaran nan kai da buri ba, ta koya musu abin da za su iya kaiwa.

Ustaza ta ce, "Me kike gani za su iya kaiwa?"

Shugabar ta ce dai ajin a kulle yake.

Ustaza ta fito ta dube mu, ta tambaya ko akwai wadda gidansu ke da wuri. Ba wanda ke da shi. Na ce babana yana da ɗaki bayan shagonsa inda yake ajiye yadi, amma ban san ko zai yarda ba. Ta ce mu je.

Muka tarar da shi yana kan keke, zare a baki. Na fara yi masa bayani da Larabci saboda ita, sai ta ɗaga mini hannu. Ta ɗan rusuna, ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Ina wuni? Yaya iyali?"

Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin Jazira, ba ta wanda ya koya a kasuwa ba. Babana ya cire zaren daga baki ya amsa, suka shiga gaisuwa, ya tambaye ta ko 'yar wane gari ce, ta faɗa, ashe ƙauyensu da nasu tafiyar jaki ce. Ni kuwa ina tsaye ina kallonta. Shekara uku tana koyar da ni. Tana nan ranar da wata yarinya ta kwaikwayi maganar innata a gaban aji aka yi ta dariya, ba ta ce komai ba sai "Ku buɗe shafi na gaba."

Baba ya yarda nan take. Da muka fito layin masu kayan yaji na kasa riƙewa. Na ce mata, da Hausa, karo na farko, "Ustaza, ashe ke tamu ce kika yi shiru?"

Ta ci gaba da tafiya kaɗan kafin ta ce, "Da ban yi shiru ba, da ban kai inda zan tsaya gabanku da alli ba. Haka na gani a lokacina."

Na ce, "Ni ba zan yi ba."

Ta ce, "Kada ki yi. Amma ki ci lissafi tukuna."

Na yi kwanaki ina fushi da ita, kuma ban fasa zuwa aji ko sau ɗaya ba. Ɗakin ƙarami ne, muna zaune a kan bandiran yadi, gwiwa na gugar gwiwa. Baba ya shafa wa wani falanki baƙin fenti ya zama allo. Ƙarar kekuna da gudumar maƙera ba ta tsayawa, sai Ustaza ta koyi ɗaga murya. Telolin layin suka saba da mu. In wani ya tambaya me 'yan matan nan ke yi, sai su ce ɗinki suke koyo, su ci gaba da aikinsu. 'Yan kudun nan biyu sun fi kowa nisan gida, kuma su ke riga kowa zuwa.

Da jarrabawa ta matso sai maganar jinsiyya ta taso, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, wadda ba a karɓar neman gurbi sai da ita. Wata maƙwabciyarmu ta ba ni shawara cewa in an tambaye ni ƙabila in ambaci wata daban, tunda Larabcina ba ya tona ni, haka 'yarta ta yi aka ba ta cikin mako guda. Na gode mata.

Muka je ofishin ni da Baba. Jami'in da ke bayan tebur bai ɗago ba, ya ce, "Ƙabila?"

Na ce, "Hausa."

Sai ya ɗago. Ya tambayi yaushe muka zo ƙasar. Na ce ba mu zo ba, a nan aka haife mu. Ya ce mu kawo shaida. Muka kawo ƙanin Baba, aka ce bai isa ba. Muka koma da takardar haihuwata, aka ce mai sa hannu ba ya nan. Zuwa na huɗu Baba ya rufe shago, ya tafi Jazira ya ɗauko wani tsoho da suka yi aikin gona da kakana, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa mota. Tsohon ya zauna gaban jami'in ya fara lissafa masa magudanan ruwan da suka haƙa da hannu, da sunan kowane fili, da wanda aka binne a gefen wane. Jami'in ya ce ya isa. Tsohon bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba.

Ban taɓa jin Baba ya yi wa mai kaki doguwar magana ba sai ran nan. Ya ce cikin natsuwa, "Ubana yana kwance a ƙasar nan. Ni ban zo roƙon komai ba, yallaɓai. Yarinyar nan karatu za ta yi. In yau ma ba a shirya ba, gobe muna nan, jibi ma muna nan."

Jami'in ya daɗe yana juya takardun, sannan ya buga hatimi ya turo su ba tare da ya kalle mu ba.

A takardar neman gurbi na sa likitanci a farko, haɗa magunguna na biyu. Wata malama da ta gani ta ce in goge in sa abin da ya dace da ni, kada in tashi a tutar babu. Na ce da biro na rubuta.

Sakamako ya fito, makina bai kai likitanci ba, na sami haɗa magunguna. Na yi kuka, Inna ta rasa gane ko ci na yi ko faɗuwa, har sai da Baba ya ce mata asibiti ne dai duka. Cikinmu goma sha ɗaya, bakwai muka shiga jami'a. Biyu suka maimaita shekara suka shiga daga baya. Ɗaya daga 'yan kudun an rushe unguwarsu ana saura wata guda jarrabawa, aka kwashe su zuwa bayan gari, ba mu sake jin labarinta ba. Ɗayar kuma ta bar karatun da kanta, ta kama aiki.

Kafin sabuwar shekara aka yi wa Ustaza canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can ƙarshen Umdurman, inda bas ke juyawa. Ba a faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Inna ta so ta yi mata walima, ta ƙi. Ta aiko cewa abin da take so shi ne littattafanmu na rubutu, duka, har waɗanda muka yi kuskure a ciki, domin 'yan matan can ba su da ko ɗaya.

Ni na bi gida-gida na tattaro su. Suka cika buhun yadi guda. Kwandastan bas ya ce sai dai a ɗora shi a sama, na ce a'a, na rungume shi a cinya har ƙarshen layi. Da na isa na tarar da ita a gindin wata darbejiya da yara tara a kan tabarma. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce in ajiye in ɗauki waɗancan uku na gefe, ba su gane lissafin kashi-kashi ba tukuna. Na ajiye, na cire takalmi na zauna.