Maganin Mutum Biyu

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye bayan Barmu, ni kuwa ina koyarwa a lekol, wato makarantar boko, a cikin Tawa. Duk cikin da ta ɗauka, ɗakina take sauka in ta zo awo. Sau uku tana haihuwar bakwaini, kuma a cikinsu babu wanda ya kai ranar suna. Ba ta taɓa roƙon Allah dukiya a gabana ba. Ɗa ɗaya take so, wanda za a raɗa wa suna, ta goya shi ta je rijiya kamar kowace mace.

Mijinta ɗan biɗa ne, kamar yawancin mazan Adar. Da an ɗaure damman gero sai Abijan, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Na so ƙwarai a ce mugu ne, da na sami wanda zan zaga in huce. Amma mutum ne mai sanyin hali, ba ya iya cin tsire bai ƙunso mata nata ba.

A ciki na huɗu ni na ja ta zuwa likita tun da wuri, tana tirjewa. Ta daɗe tana fama da ƙaiƙayi da zafin fitsari, tana zama cikin ruwan bagaruwa, ba ta gaya wa kowa ba. Ungozomar da ta duba ta wata Bazabarma ce da aka turo aiki Tawa, Hausarta a karye amma ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce jininta ya yi ƙasa, ga masassarar damina, ga daka da jan guga, duk suna iya sauko da ciki kafin lokaci. Amma abin da ya fi damunta ciwon sanyin nan ne, domin yana haurawa har ya fasa ruwan da ɗa yake kwance a ciki. Ta rubuta magani kashi biyu.

"Wannan naki, wannan na maigida," in ji ta. "Ko ba ya jin komai, yana ɗauke da shi. In ke kaɗai kika sha, zai mayar miki."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Da muka fito ta ce, "Yaya, da wane baki ni ka gaya mai wagga magana?"

Na ce ta bar mini. Ni ce yayar matarsa, ko idona ba ya iya kallo, in ya hango ni takalmi yake tuɓewa. A wajenmu irin wannan zance ba ya shiga tsakanin mace da mijin ƙanwarta. Amma na gaji da zuwa gaisuwar rasuwa, don haka na hau motar kasuwa na bi ta har gida. Na same shi ya dawo daga gona, ya durƙusa nesa da tabarmata. Na tura masa ƙunshin na ce, "Likita ta ce ciwon na ku biyu na. Wanga naka na, ka shanye shi duka." Zufa ta karyo masa. Ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya ce, "To, Yaya. Allah shi saka." Na koma Tawa ina jin na yi abin kirki.

Cikin yana wata na bakwai ruwa ya fashe mata a bakin turmi. A amalanke aka fito da ita zuwa bakin hanya, kafin su iso Tawa rana ta yi tsaka. Namiji ta haifa. Tafin ƙafarsa bai wuce babban yatsana ba, kukansa kuma sai ka kasa kunne. Ungozoma ta kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwar, ta ɗaure su da zane, ta ce ɗumin jikinta ne gatansa. Muna tatsar nono muna ɗiga masa da cokali. Ƙanwata ba ta yarda ta kwanta ba, a zaune take gyangyaɗi, hannunta a bayansa.

A nan ne ungozoma ta tambaye ta ko maigida ya sha nasa. Ƙanwata ta ce a hankali, "Ni yab ba." Ashe ajiye shi ya yi. Da nata ya ƙare sai ya kawo mata nasa, ya ce shi lafiyarsa lau, garma yake ja tun safe, ita ce mai wahala, ba zai sha magani mai kyau yana kallonta ba. Ita kuma ta karɓa ta shanye.

Na fita waje na same shi a gindin bishiyar bedi, ya kawo fura a kwano. Na buɗe baki da niyyar in wanke shi tas, sai ya miƙe ya ce, "Yaya, yaron ya sha nono?" Na tsane shi a lokacin, kuma tausayinsa ya kama ni.

Yaron bai kai suna ba. Uban ne ya ɗauke shi a hannu ɗaya zuwa maƙabarta.

Bayan girbi ya koma Abijan, da damina ya dawo. Na yi magana, na aika, na sa kawunmu ya zaunar da shi. Kullum amsarsa "to", kuma har yau bai ga abin da zai kai mai lafiya likita ba. Kwanan baya ƙanwata ta kira ni a waya, daga muryarta na gane ta sake ɗauka. Na ce ta taho awo, ta ce ba ta zuwa, ta gaji da hanyar Tawa. Na ce to ni zan zo, me zan riƙo mata?

Ta ce, "Hwarin yadi, Yaya. Kada ki sawo da yawa, kamu guda ya isa."