Hannun Alhaji da Kwale-kwalen Soso

Shekarar da maigidana ya ajiye tuƙi, firjina ya daina zama nawa ni kaɗai. In ka buɗe, sama miya ce da ragowar shinkafa, ƙasa kuwa kwalaben bira a jere, gefensu galan biyu na gam, babba da ƙarami. Kada a zabura. Birar nan Makka ruwan sha'ir ce, ba ta bugarwa, kowace bakala, wato kantin unguwa, akwai ta, har da mai ɗanɗanon tuffa. Ni dai ban taɓa sonta ba, ɗaci gare ta, kuma kwalbar ba ta yi mini kama da kayan gidan mutunci ba. Amma mutum ukun nan, in babu ita, ranar ba ta cika musu ba.

Na farko Alhaji, maigidana, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan bas tsakanin Aziziyya da Mina da Harami. Na biyu Ustaz, tsohon malamin makaranta, abokinsa tun suna yara. Na uku Mai Turare, shi iyayensa ta Chadi suka zo, ƙaramin cikinsu ne, kuma bakinsa ba ya hutawa.

Da Alhaji ya bar aiki, wata wajen goma ya yi a zaune. Ba ciwo ba ne. Ya je masallaci, ya dawo, ya zauna gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana kallon bango. Ni mai surutu ce, Allah ya sani, amma sai in zuba labari tun daga farko har ƙarshe, ya ce “To.” Shi ke nan. Gidan ya yi mini faɗi. Ana nan Ustaz ya zo da wayarsa, ya nuna masa wasu mutane suna haɗa kwale-kwale da farin soso. Daga kicin na ji dariyar Alhaji, na ajiye ludayi na leƙo don in tabbatar shi ne.

Kwale-kwale a Makka, garin da ko rafi babu. Suka ce in an gama za a ɗaure shi a kan mota a kai shi teku wajen Shu'aiba. Da jirgin sama suka ce za su haɗa, ni zan riƙe musu tsani.

Gidanmu a Utaibiyya yake, mu ne a hawa na ƙarshe, don haka suduhu, wato saman rufin, a hannunmu yake. Nan suka jibge fillin, farin soson nan mai tauri irin na cikin kwalin sabon firji, sai dai nasu falle-falle ne, kowanne ya kai tsawon ƙofa. Gam ɗin kuma sunansa ibuksi. Ruwa biyu ne, kowanne shi kaɗai ba ya komai, sai an gauraya su yake fara kamawa, kuma in ya fara ba ya jiran kowa. Ranar farko da rana suka haɗa. Suka tsaya gardama kan ko hancin jirgin zai yi tsini, sai kofin ya ɗau zafi, ya fara hayaƙi, ya daskare da sandar juyawa a tsaye a cikinsa. Zafin garin nan ya dafa shi. Daga ranar galan biyun suka tare a firjina, aikin kuma ya koma Asabar da sassafe, daga an fito sallar asuba zuwa hantsi.

Ni ba na hawa in suna nan. Ina da wurina, matakala ta uku daga sama, bayan ƙofar ƙarfe. Nan nake ajiye musu ful da tamis, dafaffen wake da gurasa, in ƙwanƙwasa, nan kuma nake zama ina tsince shinkafa. Ba na ganinsu, amma babu abin da ke wuce kunnena. Na san ƙarar wuƙa a cikin soso, na san shirun da suke yi in an haɗa gam, na san lokacin da suka koma inuwar tankin ruwa, don sai in ji fus, fus, fus, an buɗe kwalba uku. Bira da ful da safe. Na ce wa Alhaji cikinsu na da haƙuri.

“Yaya,” in ji Mai Turare, haka yake kiran Alhaji, “in jirgin nan ya nutse wa zai ceci wa? Kai ba ka iya ruwa ba, Ustaz kuma sai ya duba waya kafin ya san yadda ake nutsewa.”

“Kai mana. Ba ka ce kakanka masunci ne a tafkin Chadi ba?”

“Kakana ne. Ni kifi sai an soya nake gane shi.”

“Ya shaikh, ku riƙe fallen nan,” in ji Ustaz, “gam na tafiya, kuna zuba.”

Wallahi daɗin wannan hayaniya nake ji har cikin ƙashina. Alhaji ya dawo mutum. Ranar Laraba ma zancen Asabar yake yi.

Inda falle biyu suka haɗu a kusurwa, sai an cika wurin da gam mai kauri an shafe shi ya kwanta. Ustaz yana da wata 'yar sanda mai zagayayyen baki don wannan, kuma shi kullum da safar hannu ta roba. Alhaji ya ce safa ba ta barin mutum ya ji aiki. Da babban yatsansa yake bi, ja ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai in ji Mai Turare ya ce, “Ma sha Allah, ku zo ku ga yatsan Yaya, kamar inji!” Ustaz ya yi ta cewa a sa safa, amma shi ma in aka zo kusurwa mai wuya sai ya ce, “To, zo ka ja mana wannan.” In sun tashi, Alhaji ya wanke hannu da tina, ruwan goge fenti, ya sauko yana wari yana murmushi.

Wata na huɗu ƙaiƙayi ya fara. Tsakanin yatsu tukuna. Na shafa masa man zaitun, na shafa habbatus-sauda, na jiƙa masa lalle. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai fatar ta tsage. Duk Lahadi ya tashi fatar idonsa a kumbure kamar wanda zuma ta harba, zuwa Alhamis ya fara saɓewa, Asabar kuma a koma. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma kwanakin mako na iya ƙirga su.

Da ƙyar na ja shi mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya juya hannun, ya tambayi abin da yake taɓawa, sannan ya ce hassasiyya ce. Ya ce jiki in ya ƙi ibuksi, ya ƙi ke nan, ba ya komawa. Ba taɓawa kaɗai ba, har warinsa da ƙurarsa in ana gogewa. Ya rubuta man shafawa, ya ce maganin gaskiya shi ne nisa.

A mota Alhaji ya ce, “Hajiya, maganar nan ta tsaya a nan.”

“Alhaji, hannunka ne fa.”

“Na sani nawa ne. Saura gindin jirgin da gefe ɗaya. Zan sa safa, halas, magana ta ƙare.”

Me zan ce? In na yi magana na raba shi da Asabar, na mayar da shi gaban mukayyif. In na yi shiru ina kallo fata na zubewa. Duk ta inda na juya nawa ne ke ciwo. Na yi shiru.

Abin da ya fi taɓa ni alwala ce. Ruwa in ya shiga tsagar nan kamar an zuba barkono. Ni ke riƙe masa buta, ina zubawa kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kau da kai don kada in ga fuskarsa. Na ce malamai sun yi sauƙi ga mai ciwo, ya tambaya mana. Ya ce, “Ina garin Makka, ruwa na zuba a famfo, in je in ce a ba ni sauƙi saboda kwale-kwale?” Sau biyar a rana muke wannan, ni da shi.

Asabar ta zo ya hau da safa. Na ji Ustaz yana tafi. “Allahu akbar, yau direba ya ji maganar malami!” Suka yi aiki, amma ban ji muryar Alhaji sosai ba. Mako biyu aka yi haka. A na uku, da suka koma inuwar tanki, na ji fus, na ji fus. Na jira ta uku. Shiru. Sai ƙarar murfi yana zamewa a cikin roba, sau ɗaya, sau biyu.

“Cire safar mana, Yaya, an gama aiki,” in ji Mai Turare. “Ko amarya ce da lalle?”

“Buɗe mini kawai.”

“Kai da kake buɗe mana da yatsa biyu? Kawo hannun in gani.”

“Bari.”

Na ji ƙarar roba an ja ta. Daga nan ban ƙara jin komai ba, sai kukan tattabarun maƙwabta. Can Ustaz ya ce, “La haula wa la ƙuwwata illa billah. Tun yaushe?”

“Zafi ne. Ƙurajen zafi.”

Takun Ustaz ya nufo ƙofar. Ya tsaya ta wancan gefen, bai buɗe ba. Ashe duk watannin nan ya san ina wurin.

“Hajiya, kina ji na? Don Allah, kun je asibiti?”

Shinkafa na kan cinyata. Na san Alhaji na saurare. Shekara talatin da shida ban taɓa tona masa magana a gaban mutane ba. Amma an tambaye ni da Allah.

“Mun je, Ustaz. An ce gam ɗin ne. An ce ko warinsa.”

Ranar ba su ci ful ɗin ba. Alhaji ya sauko ya wuce ni a matakala kamar buhu aka ajiye. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi.

Washegari da la'asar suka zo da igiya da motar ɗaukar kaya. Ustaz yana da fili a bayan gidansa a Aziziyya, can za a ƙarasa. Jirgin ba shi da nauyi, soso ne, mutum biyu suka zura shi ta bango har ƙasa, 'yan unguwa sun fito suna kallo suna tambaya ko na wasan yara ne. Alhaji na tsaye da hannu a naɗe da bandeji, yana cewa, “A hankali, hancin, ku kula da hancin.” Mai Turare ya shigo har bakin kicin, ya yi sallama, na miƙa masa galan biyun. Ya ce, “Ki yafe mana, matar Yaya. Ni ne mai zuga shi da yatsan nan.” Na ce babu komai. Ni ma ai ina jin zugar ina jin daɗi.

Mutanen kirki ne, ba su yar da shi ba. Asabar ta gaba suka zo da birarsu a leda, suka hau suduhu, aka buɗe kwalba uku. Na zauna a wurina. Aka gaisa, aka tambayi hannu, aka yi zancen zafi, aka yi zancen cunkoson masu umara. Sai shiru. Ban taɓa lura ba sai ranar: mutanen nan ba su iya hira ba sai hannunsu na kan wani abu. Duk barkwancin nan a jikin jirgin yake rataye. Ba wanda ya ambaci jirgin don kada a sosa masa, ba kuma wani zancen da ya kama. Kafin hantsi sun tafi. Suka sake zuwa sau ɗaya, ya fi na farko gajarta.

Hannun kuwa ya warke sarai. Sabuwar fata ta fito, jaja-jaja, alwala ta daina zama azaba. Ya koma kujerarsa. Na ba shi labarin bikin 'yar ƙanwata tun daga lefe har kai amarya, ya ce, “To.”

Wata Asabar bayan asuba na ji yana neman makullin mota.

“Ina zuwa, Alhaji?”

“Aziziyya. Ba zan taɓa komai ba. Kujera za su ajiye mini daga nesa, ta inda iska ke fitowa.”

“Likita ya ce ko ƙurarsa.”

“Likita ba shi zai zauna a ɗakin nan ba, Hajiya.”

Na tsaya a bakin ƙofa da niyyar in tare. Sai na ga ya sa sabuwar riga, ya gyara gemu, har turare ya fesa. Na matsa gefe.

Matar Ustaz ta ce da gaske ne, a nesa yake zama, da kwalbarsa a hannu, yana ɗaga murya yana gyara musu aiki, su kuma suna tsokanarsa da shugaban jirgi. Ta ce amma in aka zo kusurwa kujerar takan matso, kuma ita ba kullum take leƙawa ba. Alhaji ya dawo ranar da labari cike da baki, har ya kwaikwayi yadda Ustaz ke auna gam kamar mai haɗa maganin jariri. Na yi dariya, dariyar gaske. Lahadi da safe idonsa na hagu bai buɗu ba.

Har yanzu ba a gama jirgin ba. Ustaz ya ce saura shafe biyu da fenti, Mai Turare kuma ya fara zancen na biyu, wai mai ɗaukar mutum huɗu. Ban ƙara cewa kada ya je ba, ban kuma taɓa cewa a dawo lafiya da zuciya ɗaya ba. Ran Asabar nakan fito da man likitan da bandeji in ajiye a kan tebur tun kafin ya dawo. In ya shigo yana gani. Bayan azahar sai ya zauna ya miƙo mini hannu biyun, in duba tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya.